Idan Baƙin Man Ƙaramin Inji Ya Tsinke, A Nemi Dalili Kafin A Yi Juye

Injin fetur da ke jikin na'urar yankan ciyawa ɗan gida ɗaya ne da na ban ruwa da manoman rani ke jibgewa a bakin rafi, da janareton mai shago, da injin markaɗen unguwa. Fistin ɗaya gare shi, iska ke sanyaya shi, kuma baƙin man da yake sha bai taka kara ya karya ba. Honda GX160, wanda shi da kwaikwayonsa suka cika kasuwanninmu, kimanin lita 0.6 yake ɗauka. Galibin waɗannan injina ba su da matatar mai irin ta mota. Wani ɗan ƙarfe ne a ƙasan sandar fistin ke tsoma kai cikin man yana fantsama shi ko'ina. Saboda haka duk abin da ya shiga cikin man, yana nan yana zagaya inji har ranar juye.

Mutane da yawa idan suka ga mai ya lalace sai su juye, su zuba sabo, su ci gaba da aiki. Bayan mako guda man ya sake tsinkewa, sai a ɗora laifin a kan mai sayar da shi. Alhali sau da yawa cutar tana wani wuri dabam, man kawai ya nuna alamarta ne.

Yadda ake duba man

A ajiye injin a wuri mai daidaito, a bari ya huce. A zare gejin mai, a goge, a mayar, a sake zarewa. A injinan Honda ba a murɗa gejin lokacin awo, ɗora shi kawai ake yi a bakin ramin. Daga nan sai a murza ɗigon man tsakanin yatsu biyu, a kuma shinshina.

Baƙi kaɗai ba abin tsoro ba ne, domin aikin mai ne ya kwashe ƙunar da wuta ke bari. Idan ya yi baƙi amma yana da yauƙi da santsi, lokacin juye ne ya yi. Idan ka ji ƙuraje kamar yashi a yatsa, ƙura ce ke shiga ta matatar iska. Idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, ko ta ruwan sama ko ta wanki. Idan ka ɗaga shi a rana ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe, inji ya fara cin kansa, sai wurin bakanike.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne man da ya tsinke kamar ruwa, yana warin fetur, kuma a geji ya haura inda ka bar shi. Inji ba ya haifar mai. Idan mai ya ƙaru ba tare da ka ƙara ba, fetur ne ya sauka cikinsa. Ɗiga shi a farar takarda: za ka ga wani faffaɗan da'ira mai haske ya bazu nan da nan kewaye da baƙin ɗigon.

Ta ina fetur ke shiga?

A waɗannan injina tanki yana sama, kafireto yana ƙasa, fetur kuma da kansa yake gangarowa. Abin da ke tsayar da shi wata 'yar allura ce a cikin kwanon kafireto, wadda ke haɗe da wata roba mai yawo a kan fetur. Kwano ya cika, robar ta taso, allura ta toshe hanya. To, ƙwayar yashi ɗaya ko tsatsar tanki ta isa ta hana allurar zama daidai. Fetur ɗin bakin titi da aka zuba ba tare da tacewa ba, da wanda ya yi watanni a tanki har ya yi danƙo, su ne kan gaba wajen jawo wannan. Da zarar allura ta ƙi rufewa, fetur zai kwana yana tsiyaya, ya bi ta cikin silinda, ya ratsa gefen ringi, ya sauka a kan baƙin mai.

Akwai wasu hanyoyin. Ɗaukar inji a bayan babur ko amalanke da makunnin fetur a buɗe yana sa robar nan ta yi ta tsalle, fetur yana wucewa. Barin cok a rufe bayan inji ya tashi yana sa ya sha fetur fiye da abin da zai iya ƙonawa. Toshewar matatar iska ma haka take yi. Mai injin yankan ciyawa kuma idan ya karkata shi don share wuƙa, ya kwantar da shi ta ɓangaren kafireto, fetur da mai za su bi inda bai kamata ba. Kullum ɓangaren matatar iska ne ke kallon sama. A tsohon inji kuwa, ringi ne ke cinyewa, alamarsa shuɗin hayaƙi da raguwar ƙarfi.

A lura da wani abu. Wasu injinan suna da na'urar da ke kashe su idan mai ya yi ƙasa. Yawan man kaɗai take aunawa, ba ta san ingancinsa ba. Fetur ya cika ramin mai, ita a wurinta lafiya lau, inji kuwa yana gudu ƙarfe na gugar ƙarfe har ya buga.

Yadda ake gyara

Idan man yana warin fetur, kada a tayar da injin. A kashe makunni, a rufe fetur, a cire hular fulogi, a kai shi fili nesa da murhu da masu shan taba. A kwance noti na ƙasa a tsiyaye man tas a cikin kwano. Wanda babu fetur a cikinsa an fi so a juye shi da ɗan ɗumi, don ya fito da datti.

Sannan a koma kan tushen matsalar. A kwance kwanon kafireto a wanke, a duba bakin allurar. Idan ya yi zobe ko ya cinye, a canza ta. A girgiza robar a kusa da kunne, idan akwai fetur a cikinta ta huje ke nan. A wanke tanki idan da tsatsa. A cire fulogi a ja igiya sau kaɗan don fetur ɗin da ya taru a silinda ya fice. Matatar iska ta soso a wanke ta da sabulu, a shanya ta bushe, a shafa mata mai kaɗan a matse. Ta takarda kakkaɓewa ake yi, idan ta yi baƙi ko ta jiƙe a sayi sabuwa.

Bayan haka a zuba sabon mai daidai alama, kada ya wuce. Idan fetur ɗin da ya shiga da yawa ne, a bar injin ya yi aiki na 'yan mintuna, a sake juyewa. Kamfanin Honda ya fi ba da shawarar 10W-30, kuma SAE 30 ya dace da wurare masu zafi irin namu. Wasu kan zuba mai kauri sosai wai don ya gyara tsinkewar, wannan ɓoye cuta ne kawai. Tsohon man mota da ake sayarwa a gorar ruwa kuwa, araha ba ta ado.

A GX160 juyen farko bayan awa 20 ne na aiki, daga nan duk awa 100 ko wata shida. Injinan yankan ciyawa na Briggs & Stratton yawanci awa 50 ne ko sau ɗaya a shekara. A ƙurar hunturu da zafin bazara, gara a rage wannan tazara. Manomin da injinsa ke wuni yana jan ruwa zai cika awa 100 cikin mako biyu. Wannan bayani bai shafi ƙaramin janareton nan da ake gauraya masa mai a cikin fetur ba, shi ba shi da ramin baƙin mai.

Man da aka juye kada a zubar da shi a gona, ko a rafi, ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa shi a miki na mutum ko na dabba. A zuba a jarka a rufe, a kai wa masu gareji.

Jama'a, a riƙa duba geji kafin a ja igiya, a tace fetur kafin a zuba, a kuma rufe makunnin fetur duk lokacin da aka kashe inji. Waɗannan ukun ba su buƙatar ko sisi, kuma su ne ke raba mutum da sayen sabon inji a tsakiyar aikin rani.