Zaɓen NBA: Yadda ake auna ɗalibi kafin a zuba masa miliyoyi

A duk watan Yuni, ƙungiyoyi 30 na gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, kan raba sababbin 'yan wasa a tsakaninsu, akasarinsu ɗaliban jami'o'i. Zagaye biyu ake yi, kuma yawanci mutum 60 ake ɗauka. Ƙungiyoyi 14 da suka gaza kaiwa matakin fitar da gwani su ake yi wa ƙuri'a don sanin wadda za ta fara zaɓe, saboda kada mai ƙarfi ya riƙa kwashe na kirki kullum.

Ga mai bin ƙwallon ƙafa a gidajen kallo na Ƙaura Namoda ko Shinkafi, wannan tsari baƙo ne. A Turai mai kuɗi ke sayen ɗan wasa, a NBA kuwa layi ake bi. Wanda layi ya zo kansa ya yi zaɓen tumun dare, shekaru zai yi yana cizon yatsa.

Abin da ake dubawa

Kafin ranar zaɓe, a watan Mayu, akan tara matasan a birnin Chicago. Ana auna tsayin kowa ba takalmi, a auna gabarsa, wato faɗin hannayensa idan ya ware su kamar mai awon igiyar guga, a ga iya tsallensa da gudunsa. Likitoci su bincika gwiwa da ƙafa da zuciya, sannan shugabannin ƙungiyoyi su zauna da shi su ji hankalinsa.

Yawan makin da ɗalibi ya ci a jami'a ba shi ne komai ba, domin wasan biyu ba ɗaya ba ne. A jami'a minti 40 ake yi, a NBA 48. A jami'a ƙungiya na da daƙiƙa 30 ta yi jifa, a NBA 24. Layin jifa mai maki uku ma ya fi nisa a NBA. Shi ya sa masu farautar 'yan wasa kan lura da yadda yaro ke cin jifan fanareti, inda ba mai tare shi, don nan ake gane ko hannunsa ya faɗa.

Sai kuma shekaru. Doka ta ce sai wanda zai cika 19 a shekarar zaɓen. Ɗan 19 da ɗan 23 na iya cin maki iri ɗaya, amma na farkon za a fi rububi. Ba don a haɗa mutum da dabba ba, duk wanda ya taɓa sayen maraƙi don kiwo ya san wannan lissafi: ƙashi ake dubawa, ba ƙibar ranar kasuwa ba.

Dogaye biyu daga Legas

Sau biyu ana fara zaɓen NBA da haifaffen Najeriya, kuma labarin na farkon ya biyo ta ƙasarmu. A 1978, lokacin Zamfara na cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, wani ɗalibi ɗan shekara 15 daga Legas ya zo Sakkwato gasar wasannin makarantun horar da malamai. Ƙwallon hannu ya kawo shi, sai aka aro shi don ya taimaka wa 'yan ƙwallon kwando. Sunansa Hakeem Olajuwon.

A 1980 ya tafi Jami'ar Houston, a 1984 kuma ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi a matsayin na ɗaya. Na biyu shi ne Sam Bowie, wanda raunin ƙafa ya dabaibaye. Na uku Michael Jordan. Har gobe ana yi wa Portland gorin tsallake Jordan da ta yi, amma da wuya ka ji an zargi Houston, don Olajuwon ya ciyo mata kofi a 1994 da 1995. Sirrinsa bai tsaya ga tsayi ba. Ƙafarsa ta yi laushi tun yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa.

Shekara 14 bayan haka, a 1998, Los Angeles Clippers ta fara zaɓe da Michael Olowokandi, shi ma haifaffen Legas, dogo, wanda ya soma wasan a makare. A shekararsa ta ƙarshe a Jami'ar Pacific yana cin maki 22 a kowane wasa. Aka ɗauka an sami wani Hakeem. Ya yi kaka tara a NBA, makinsa bai wuce takwas da 'yan kai a wasa ba. A bayansa aka ɗauki Vince Carter da Dirk Nowitzki da Paul Pierce. A ganina Clippers kama ta saya, alhali kama da wane ba wane ba ne.

Idon ɗan Zariya

Wanda ya yi suna wajen tsinto gwani a inda wasu suka wuce shi ne Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya. A 2002 ya fara yi wa Orlando Magic farautar 'yan wasa ba ko sisin albashi. A 2013, yana jagorantar Denver Nuggets, aka zaɓe shi gwarzon shugaban ƙungiya na shekara, daga nan ya koma Toronto Raptors.

A 2016 Toronto ta ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru a lamba ta 27, daga jami'ar da ba ta cikin manya a wasan. A 2017 ta ɗauki OG Anunoby, ɗan asalin Najeriya, a lamba ta 23, lokacin da wasu ke gudunsa saboda aikin da aka yi masa a gwiwa. A 2019 ƙungiyar ta ci kofin NBA karon farko a tarihinta, Siakam na cikin ginshiƙanta.

Wa zai ga yaron Badarawa?

Duk wannan awo sai an ga yaro tukuna. Da Hakeem bai samu gasar makarantu ba, da wataƙila ya ƙare a mai tsaron gida. Dogayen samari ba su yi ƙaranci a Badarawa da Zurmi da rugagen da ke kewaye ba, amma hanyar da ke kai ɗan wasa gaban mai farauta ta cikin makaranta ta bi. A Satumban 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe makarantun jihar baki ɗaya bayan sace ɗalibai a Kaya ta Ƙaramar Hukumar Maradun. Inda aji bai zauna ba, maganar filin wasa ba ta taso ba. Ga kuma batun takardar haihuwa, wadda mai farauta zai nema kafin ya nemi ganin jifa.

Ƙofofin dai sun ƙaru. Akwai gasar kwalejojin kimiyya da fasaha ta NIPOGA, da ta jami'o'i NUGA, da sansanonin Giants of Africa da Ujiri ya kafa a 2003, da makarantar horaswa ta NBA a garin Saly na Senegal. Daga wannan makaranta Khaman Maluach ya fito, ɗan Sudan ta Kudu da ya tashi yana gudun hijira a Yuganda. Ya yi shekara ɗaya a Jami'ar Duke, a zaɓen 2025 aka kira sunansa a lamba ta 10.