3.4 Gashin Tsuntsu A Jikin Manyan Dainoso Masu Cin Nama

Wannan sashe zai yi ƙoƙarin duba ko manyan dainoso masu farauta suna da gashi irin na tsuntsu. Ba a tono ƙasusuwansu a 'Yankuzo da kewayen Tsafe da Bunguɗu, domin duwatsun yankin, irin su Dutsen Kwatarkwashi, daga narkakken dutse suka samu, ba sa adana gawar dabba. Don haka misalin da za a ɗauka shi ne na yankin Agadas a Jamhuriyar Nijar. A can ne ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya tono Afrovenator a 1993, sannan Suchomimus a Gadufawa a 1997, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 11, kuma bakinsa kamar na kada ne.

Matsalar ita ce ƙashi aka samu, ba fata ba. Saboda haka masana sukan koma ga dangantaka: idan 'yan uwan dabba na kusa suna da wata siffa, ana kyautata zaton ita ma ta gada. Kusan dukkan masana sun yi ittifaƙi a kan cewa tsuntsaye, daga jimina har zabo, sun fito ne daga zuriyar dainoso masu cin nama. A 1996 aka gano Sinosauropteryx a lardin Liyonin na ƙasar Sin da sawun gashi a bayansa, sai dai ƙarami ne. A 2012 kuwa aka bayyana Yutyrannus mai tsawon mita 9, shi ma da gashi. Wannan ya raunana da'awar cewa girman jiki kaɗai yana hana gashi.

Amma fa dangantaka ba ta yanke hukunci. Tyrannosaurus ɗan uwan Yutyrannus ne, duk da haka binciken 2017 ya nuna ɓawon fata irin na ƙadangare a wuyansa da wutsiyarsa. Wato zuriya tana iya gadon siffa ta kuma yar da ita.

Hujjar ta fi rauni a kan dabbobin Nijar, domin reshensu ya rabu da na tsuntsaye tun kafin na Yutyrannus. Abin da ya fi dacewa a ce shi ne, mai yiwuwa suna da ɗan tsilli-tsillin gashi, amma zana Suchomimus lulluɓe da gashi kamar jimina ya wuce abin da ƙasusuwan Gadufawa suka nuna.