Vaporetto: motar haya a garin da titinsa ruwa ne

Ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a, ku ƙaddara garin da babu kamiyo, babu kabu-kabu, ko amalanken jaki babu. Haka tsohon birnin Venis na ƙasar Italiya yake: tsibirai ne sama da 100, ruwa ya ratsa tsakaninsu. Motar hayarsu jirgin ruwa ce, suna ce mata vaporetto, wato ɗan jirgi mai tafiya da tururi. Tun 1881 aka fara shi. Yau galibi gazuwal suke sha, amma sunan ya bi su.

Yana da tasha, yana da lokacin tashi. Kifi da kayan miyan kasuwar Rialto ma ta ruwa ake kawo su. A farashin 2023, baƙo na biyan yuro 9.50, sama da jika shida na sefa ke nan, mai katin ɗan gari kuwa yuro 1.50, kusan jika guda. Ashe tsuga wa baƙo kuɗi ba a tasharmu aka fara ba!

Wani zai ce, mu a Matameye da ruwanmu bai wuce korama da tabkin damina ba, ina ruwanmu? To, a tambayi masu saro kaya daga Kwatano. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil. CEDEAO ta janye takunkumi a Fabrairun 2024, amma Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba a lokacin, sai mutane da kaya suka koma ƙetare kogin Isa da kwale-kwale. A sauke daga mota, a biya ƴan dako, a biya mai jirgi, a sake lodi a wancan gaɓar. Duk wannan kuɗi a kan mai sayen awo yake ƙarewa.

Tsadar ma da sauƙi. Vaporetto na da adadin mutanen da doka ta yarje masa, in ya cika sai a jira na baya. Kwale-kwalenmu kuwa sai bakinsa ya kusa shan ruwa, ga buhuna, ga babur, ga mai goyo. A Yunin 2023, kusa da Pategi a jihar Kwara ta Nijeriya, sama da mutum 100 suka rasu da jirginsu ya kife suna dawowa daga biki cikin dare. Allah ya jiƙansu.

Hajiya, in tafiya ta kai ki bakin kogi, kada ki ƙetare bayan magariba, ki tambayi rigar ruwa kafin ki biya. In kin ga lodi ya yi yawa, ki sauko da kayanki ki jira na gaba.