Ziyarar Yini Guda a Sansanonin Bakin Tekun Gana

A gaɓar tekun Gana, daga Keta a gabas zuwa Beyin a yamma, akwai tsofaffin sansanoni masu kaurin katanga waɗanda Turawa suka gina tsakanin ƙarni na 15 da na 18. Wasu suna tsaye an shafe su da farar ƙasa, wasu sun zama kufai, ciyawa ta cinye su. Hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1979, kuma hukumar gidajen tarihi ta Gana ce ke kula da su. Manyan cikinsu uku ne: na Elmina, da na Cape Coast, da na Osu a Akara. Biyun farko su ne aka fi kai baƙi, domin suna kusa da juna, ana iya zuwa daga Akara a zagaya su a dawo a yini ɗaya.

An gina waɗannan gidaje ne don ciniki. Da farko zinariya ce hajar, daga baya mutane suka zama hajar, kuma kowane sauyi ya bar alama a jikin ginin. Aikin jagora shi ne ya nuna wa baƙo waɗannan alamomi ɗaki bayan ɗaki. Wanda ya shiga shi kaɗai zai ga bango da igwogi, amma da wuya ya gane abin da ya haɗa ɗakin sama da na ƙasa.

Hanya da kufayin da ke bakinta

Daga Akara zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, tafiyar awa uku idan hanya ta yi kyau. Masu shirya ziyara sukan tashi da asuba don su wuce Kasoa kafin cunkoson motoci ya kama. Daga nan hanya ta bi ta mararrabar Winneba, ta ratsa kasuwar Mankessim, sannan ta gangaro bakin teku wajen Saltpond. Ƙasar Fante ke nan, kuma kusan duk garin masunta da aka wuce yana da sansani ko kangonsa.

Zangon farko da ya cancanci a tsaya shi ne Abandze, inda kufan sansanin Amsterdam yake kan tudu, ana hango shi daga titi. Ingilishi ne suka fara gina shi a shekarun 1630 da sunan Kormantin. A 1665 Turawan Holan, ƙarƙashin kwamandan jiragen ruwa De Ruyter, suka ƙwace shi suka sauya masa suna. An kai masa hari a 1811, daga nan bai sake komawa yadda yake ba. Yau rufinsa ya tafi, sai katangu da ƙofofi da matakalai. Wanda ya hau sama zai ga dalilin zaɓen wurin: tudun ya leƙa mashigar ruwa ta yadda ba jirgin da zai matso ba a gan shi ba. Daga wannan yanki aka kwashi mutane masu yawa, har a Jamaika da sauran tsibiran Karebiyan ake kiran bayin da suka fito daga wannan gaɓa da sunan Kormantin, kuma an san su da yawan tawaye.

Gaba kaɗan akwai Anomabo, mai sansanin William da Ingilishi suka gina a shekarun 1750. A ƙarni na 18 garin yana cikin manyan tashoshin fitar da bayi a gaɓar baki ɗaya. Yawancin masu ziyarar yini guda sukan kalle shi ne a gurguje, saboda lokaci.

Cape Coast

Turawan Suwidin ne suka kafa sansanin farko a nan a 1653. Ya yi ta sauya hannu har Ingilishi suka kama shi a 1664, suka mai da shi hedikwatar kasuwancinsu a wannan gaɓa. Ginin da ake gani yanzu mafi yawansa aikin rabin ƙarshe na ƙarni na 18 ne, lokacin da cinikin bayi ya kai ƙololuwa. Garin ya zauna babban birnin Gwalkwas, wato Gana ta zamanin Ingilishi, har 1877, da aka mai da gwamnati Akara.

Bayan an biya kuɗin shiga, akan tara baƙi a tsakar gida a haɗa su da jagora. Zagayen yakan ɗauki kusan awa guda, kuma yakan fara daga kurkukun maza. Ana gangarawa ta wata hanya mai santsi, haske yana raguwa da kowane taku. Ɗakunan an gina su ƙarƙashin katangar da ke fuskantar teku, iska ba ta shiga sai ta 'yan ƙananan tagogi can sama kusa da rufi. An ƙiyasta cewa akan tara maza kusan dubu a nan a lokaci guda, su yi makonni ko watanni suna jiran jirgi. A tsakiyar daɓe akwai siririn kwata da aka yi don fitar da ƙazanta, wanda bai taɓa wadatarwa ba. Jagora yakan nuna wani wuri da masu bincike suka kankare ƙasa har bulon asali ya bayyana, sannan ya nuna sauran daɓen da baƙi ke tsaye a kai, baƙi ƙirin, mai tauri. Abin da ya taru ne daga jikin mutanen da aka tsare, ya daskare tsawon shekaru. Wasu jagorori sukan kashe fitila na ɗan lokaci don baƙi su ji yadda duhun yake.

A ɗaki na ƙarshe akwai wurin bautar gargajiya na Nana Tabir, ɗaya daga cikin abubuwan bautar mutanen garin, kusa da bakin wata hanyar ƙarƙashin ƙasa da aka toshe bayan hana cinikin bayi. Jikin bango kuwa akan tarar da furanni da baƙi daga Amurka da Karebiyan suka ajiye.

Daidai saman wannan kurkuku aka yi majami'ar Turawan sansanin. Gaba da nan, a bene, akwai masaukin gwamna, ɗakuna masu faɗi da tagogi da yawa, iskar teku tana ratsa su ta ko'ina. Tsarin zagayen da gangan ne: daga duhu ake hawa zuwa wannan sarari, don baƙo ya auna tazarar da ke tsakani da ƙafarsa. A tsakar gida akwai kaburbura, ciki har da na George Maclean wanda ya shugabanci wurin a shekarun 1830, da na matarsa marubuciya Letitia Landon da ta rasu a 1838, da na Philip Quaque, ɗan ƙasar da ya zama ɗan Afirka na farko da cocin Ingila ta naɗa limami, ya yi aiki a sansanin har rasuwarsa a 1816.

Ana ƙarasawa ta kurkukun mata zuwa ƙofar da ake kira ta tafiya ba dawowa. Idan an buɗe ta, sai ga rairayi cike da kwalekwalen masunta da taruna. A 1998 aka shigo da ƙasusuwan bayi biyu ta wannan ƙofa, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka binne su a Assin Manso, kuma a bayan ƙofar akwai allo da ya kira ta ƙofar dawowa. Shugaba Barack Obama ya ziyarci sansanin a 2009. A 2019 Gana ta yi shekarar gayyatar jikokin bayi su zo gida, abin da ya ƙara wa wurin baƙi sosai.

Elmina

Kilomita goma da 'yan kai ne kawai tsakanin Cape Coast da Elmina. Turawan Fotugal sun iso nan a 1471 suna neman zinariya. A 1482 Diogo de Azambuja ya zo da mutum kusan 600, sojoji da magina, da wasu duwatsun da aka sassaƙo tun daga gida, ya nemi izinin sarkin wurin, Kwamena Ansa, ya gina sansani kan wani dutse tsakanin teku da tafkin Benya. Shi ne ginin Turawa mafi tsufa da ya rage a Afirka kudu da Sahara.

A farkon zamaninsa, ɗakunan ƙasa ma'ajiyar kaya ne: yadi, da tasoshin tagulla, da ƙarfe. Har bayi Fotugal kan sayo daga gaɓar Binin su sayar wa fataken zinariya a nan, waɗanda ke buƙatar masu dako. Da gonakin rake suka bunƙasa a Barazil da Karebiyan, sai akalar ta juya, ɗakunan ajiyar kaya suka koma na tsare mutane. Holan ta ƙwace sansanin a 1637, bayan ta kai igwogi kan tudun da ke fuskantarsa ta yi masa ruwan wuta daga sama. Don kada wani ya yi musu abin da suka yi, sai suka gina wani sansanin a kan tudun, wanda ake kira St. Jago. Hawansa ba ya wuce 'yan mintuna, kuma daga can ake ganin garin duka, da gadar tafki, da ɗaruruwan kwalekwale masu tutoci.

A cikin babban sansanin, ginin da ke tsakar gida cocin Fotugal ne, wanda Holan ta mai da wurin ciniki, yanzu kuma ɗakin baje kolin tarihi. Sashen mata yana da ƙaramar farfajiya da barandar gwamna ta leƙo a kai. Daga nan yake zaɓen wadda yake so, a hau da ita ta wata matakalar katako da ke ɓullowa ta ƙasan ɗakinsa. Kusa da ƙofar shiga akwai ɗakunan horo biyu a jere: na sojojin Turawa yana da mashigar iska, ɗayan kuwa, mai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa a samansa, ba shi da ita, kuma wanda aka sa ciki ba abinci ba ruwa. Ƙofar fita zuwa jirgi tsaga ce a bango, sai mutum ɗaya kuma a karkace.

Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, Holan a 1814. A 1872 Holan ta miƙa wa Ingila duk sansanoninta, mutanen Elmina da yawa suka ƙi yarda, shekara ta zagayo Ingilishi suka yi wa tsohon garin luguden wuta. Filin da ke gaban sansanin a yau nan ne garin yake. A 1896 an tsare Sarkin Asante, Prempeh na ɗaya, a wani ɗaki na sama kafin a kai shi Saliyo, daga can tsibiran Seychelles.

Alaƙa da arewa

Sama da mutum miliyan 12 aka ɗora a jirage zuwa ƙetaren Atlantika, kusan kashi ɗaya cikin goma daga wannan gaɓa. Turawa ba safai suke shiga cikin ƙasa ba. Yaƙe-yaƙen daulolin yankin da dillalan bakin teku ne ke kawo musu mutane, kuma jagororin ba sa ɓoye wannan. Wasu bayin daga arewa mai nisa aka taso su. Salaga ta ƙasar Gwanja, wadda fataken Hausa suka sani da goro, babbar kasuwar bayi ce kuma. A Assin Manso, arewa da Cape Coast, akwai rafin da ake nuna wa baƙi a matsayin wurin wankan ƙarshe kafin a kai su bakin teku.

Akwai kuma tarihin soja. Dakarun Hausa da John Glover ya tara a Legas sun yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma irin wannan runduna ce ta zama tushen sojan Gwalkwas. Tsofaffin sojoji da 'yan kasuwa suna cikin waɗanda suka kafa zangunan garuruwan kudu, shi ya sa ake jin Hausa a zangon Cape Coast, kuma matafiyi ba zai rasa masallaci ba.

Shirin tafiya

Sansanoni biyu da kufai ɗaya sun ishi yini. Wasu masu shirya ziyara sukan cusa dajin Kakum mai gadar igiya a saman bishiyoyi, amma hakan yakan sa a yi komai a guje. Kuɗin shiga ya bambanta tsakanin 'yan ƙasa da baƙi, kuma jagoran cikin sansani ma'aikacin wurin ne, daban da wanda ya rako ayari daga Akara, don haka yana da kyau a tambayi abin da kuɗin tafiyar ya ƙunsa tun kafin a biya. Takalmi mai kama ƙasa da ruwan sha suna da amfani, domin daɓen yana da santsi, ɗakunan ƙasa kuma da zafi da ƙarancin iska. Ruwan sama ya fi yawa a watannin Mayu da Yuni. Ran Talata masuntan Fante ba sa shiga teku, a Talatar farko ta Yuli kuma Elmina ke bikin Bakatue, gari ya cika maƙil. A kurkukun ana son natsuwa da rage murya, saboda ga baƙi da yawa wurin makoki ne, kuma ba a ɗaukar hoton masunta ko na wanda ke addu'a sai da izininsa. Wanda ya bar Elmina da la'asar yakan isa Akara bayan isha'i, gwargwadon cunkoson Kasoa.