Daren da Mosko ta ƙi tura tankoki

Da yammacin 9 ga Oktoba 1989, mutane kusan 70,000 suka cika titunan Leipzig, a Jamus ta Gabas, da yawansu riƙe da kyandirori. Sun san an jibge 'yan sanda da sojoji a lungunan birnin. Sun kuma san abin da ya faru wata huɗu kafin nan a dandalin Tiananmen na Beijing, inda gwamnatin Sin ta murƙushe masu zanga-zanga, shugabannin Jamus ta Gabas kuma suka fito fili suka goyi bayanta. Amma a wannan dare ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Sojojin Sobiyet sama da 300,000 da ke girke a ƙasar ba su fita daga barikokinsu ba. Bayan wata guda cif, katangar Berlin ta buɗe.

A ganina, nan ne Yaƙin Cacar Baka ya ƙare, ko da yake sai bayan shekara biyu aka sauke jar tuta daga fadar Kremlin.

Rigimar ta samo asali ne daga nasarar da aka yi a kan Hitler a 1945. Amurka da Tarayyar Sobiyet sun yi yaƙin a ɓangare ɗaya, amma kowace da irin duniyar da take son gani. Amurka ta tsaya a kan jari-hujja, inda kasuwa ke yanke farashi, ɗan kasuwa ke mallakar masana'antarsa, jam'iyyu kuma su fafata a zaɓe. Sobiyet ta tsaya a kan gurguzu, inda gwamnati ke mallakar gona da masana'anta, jam'iyya ɗaya ke tsara komai. Stalin, wanda ƙasarsa ta rasa mutane wajen miliyan 27 a yaƙin, bai yarda ya saki gabashin Turai ba. Amurka ta zuba kusan dala biliyan 13 a yammacin Turai ta shirin Marshall, aka kafa NATO a 1949, a shekarar ce kuma Sobiyet ta gwada bom ɗinta na nukiliya. Daga nan aka shiga zaman kar-ta-san-kar. A Oktoba 1962, sa'ad da aka gano makamai masu linzami na Sobiyet a Kyuba, duniya ta yi kwana 13 a bakin halaka kafin Kennedy da Khrushchev su sasanta.

Tsoron makaman ƙare-dangi ya hana manyan biyu gwabzawa kai tsaye, sai suka kai faɗan gidajen wasu. Miliyoyin mutane sun mutu a Koriya da Biyetnam. A Kwango an kashe Patrice Lumumba a Janairu 1961, daga baya Mobutu ya yi shekara fiye da 30 yana wawure dukiyar ƙasa, ƙasashen Yamma na rufa masa asiri saboda ba ya tare da Mosko. A yaƙin Ogaden na 1977, Sobiyet ta juya wa Somaliya baya ta koma bayan Mengistu na Habasha, Amurka kuma ta rungumi Siad Barre na Somaliya daga bisani. Babu ruwansu da halin shugaba, abin tambaya kawai shi ne ɓangaren da yake. Mu ma a Najeriya abin ya taɓa mu. Jiragen yaƙi samfurin MiG da gwamnatin Gowon ta yi amfani da su a yaƙin basasa daga Sobiyet suka zo, kamfanin Sobiyet ne ya karɓi kwangilar ƙarafa ta Ajaokuta, kuma a 1975 Janar Murtala Muhammad ya amince da gwamnatin MPLA a Angola ba tare da son Washington ba.

To me ya kayar da ƙasar da ta fara aika mutum sararin samaniya? Amsar tana cikin shaguna. Tsarin da ofis ɗaya a Mosko ke yanke yawan takalmi da taraktan da za a ƙera ya iya gina madatsun ruwa da rokoki, amma ya kasa sanin abin da uwar gida take nema. Manajan masana'anta burinsa ya cika adadin da aka rubuta masa, ko kayan sun yi kyau ko ba su yi ba. Gonakin haɗaka sun kasa ciyar da ƙasa, har daga 1972 Sobiyet ta riƙa sayen hatsi mai ɗimbin yawa daga Amurka, abokiyar gabarta. Kuɗin man fetur ne ya rufe wannan ɓaraka a shekarun 1970. Da farashin mai ya faɗi warwas a 1986, asiri ya tonu. Ga ɗawainiyar makamai, ga tallafin Kyuba da sauran ƙawaye, ga yaƙin Afganistan da aka shiga a Disamba 1979, wanda ya ci sojojin Sobiyet kusan 15,000 da 'yan Afganistan da suka ninka haka sau da yawa.

Shugabannin ma sun tsufa. Brezhnev ya mutu a 1982, Andropov a 1984, Chernenko a 1985. Sai mulki ya faɗa hannun Mikhail Gorbachev, ɗan shekara 54.

Gorbachev bai zo don rusa gurguzu ba. Ya yi imani da tsarin, gyara yake so. Ya sassauta wa 'yan jarida, musamman bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a Afrilu 1986, inda ɓoye-ɓoyen hukuma ya jefa rayukan jama'a cikin haɗari. Ya ba ƙananan kasuwanci dama. Ya zauna da shugaban Amurka Ronald Reagan suka sa hannu a Disamba 1987 kan kawar da makaman nukiliya masu matsakaicin zango. Ya janye daga Afganistan a Fabrairu 1989. Babban abin da ya yi, shi ne ya sanar da shugabannin gabashin Turai cewa kada su ƙara sa ran tankokin Mosko. Su kuwa da waɗannan tankoki suke mulki: da su aka murƙushe Hangari a 1956 da Cekoslovakiya a 1968. Da aka janye wannan jingina, ƙungiyar ƙwadago ta Lech Walesa ta lashe zaɓen Polan a Yuni 1989, Hangari ta buɗe iyakarta da Ostiriya, kafin shekara ta ƙare gwamnatocin sun zube ɗaya bayan ɗaya. A Romaniya kaɗai aka zubar da jini mai yawa, aka harbe shugaba Ceausescu da matarsa ranar Kirsimeti.

Amurkawa da dama suna cewa Reagan ne ya ci yaƙin, da ya tsananta gasar makamai har Sobiyet ta gaza. Matsin ya yi tasiri, babu musu. Amma talauci shi kaɗai ba ya kayar da mulkin kama-karya, Koriya ta Arewa shaida ce. Gorbachev yana da sojoji da makaman da zai maimaita 1968, ya zaɓi kada ya yi. Hannunsa bai fita fes ba, domin an kashe fararen hula a Tbilisi da Baku da Vilnius a zamaninsa. Duk da haka, da wuya a samu a tarihi wata daula mai irin wannan ƙarfi da ta saki abin da ke hannunta da jini kaɗan haka, kuma ina ganin bai samu yabon da ya dace da shi a ƙasarsa ba.

Abin da ya sassauta a waje ya kwance a cikin gida. Lituwaniya ta ayyana 'yanci a Maris 1990. A Agusta 1991 masu ra'ayin riƙau suka tsare Gorbachev, amma juyin mulkin ya ruguje cikin kwana uku, shugaban Rasha Boris Yeltsin ya fito da ƙarfinsa. A 25 ga Disamba Gorbachev ya yi murabus, ƙasa ɗaya ta zama 15.

Ribar ba a raba ta daidai ba. Jamus ta haɗe a Oktoba 1990. Namibiya ta samu 'yanci, an saki Mandela, don gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta rasa hujjar cewa tana yaƙi da gurguzu. Guguwar jam'iyyu da yawa ta kaɗa daga Benin zuwa Nijar, inda aka yi babban taron ƙasa a 1991. A Rasha kuwa, hauhawar farashi ta haura kashi 2,000 cikin ɗari a 1992, ta cinye ajiyar tsofaffi, 'yan tsiraru suka saye masana'antun gwamnati a arha. Wannan ɗacin ne ya share wa Vladimir Putin hanya. Wuraren da aka cika da bindigogi kuwa aka bar su da kayansu. Somaliya ta wargaje bayan faɗuwar Siad Barre a 1991, Taliban ta kama Kabul a 1996, a Angola kuma ba a daina harbi ba sai da aka kashe madugun 'yan tawaye Jonas Savimbi a 2002.