Shirin Musamman: Wace Laftof Ɗalibin Tsaron Intanet Zai Saya a Bwari?

 

Garin Bwari, kamar yadda kowa ya sani, gari ne da Allah Ya haɗa arzikinsa da na masu neman ilimi, domin a nan hedkwatar hukumar JAMB take, wadda ta fara jarraba ɗalibai da kwamfuta a 2013, ta kuma ajiye takarda da fensir a 2015. Nan Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ta mai da mazauninta a 1997. Ga kuma Jami'ar Veritas. To, garin da sakamakon jarrabawar 'ya'yan ƙasa baki ɗaya yake hannun hukumar da ke cikinsa, ba abin mamaki ba ne matasansa su waiwayi fannin tsare na'urori daga masu kutse, wasu su nufi Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda ta keɓe sashe guda domin wannan ilimi, wasu su shiga shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wasu kuma su duƙufa a ɗakunansu suna koyo ta intanet. Dukkansu kuwa mas'ala ɗaya ce take fara tare su tun kafin su buɗe darasin farko: wace laftof za a saya, alhali kuɗin da ke hannu ƙididdigagge ne, kuma galibi gumin mahaifi ne ko adashin mahaifiya?

Kafin a amsa, wajibi ne a fahimci abin da ya raba ɗalibin wannan fanni da sauran ɗalibai. Mai karatun lauya, in ya sami na'urar da za ta buɗe littafi ta buga rubutu, buƙatarsa ta biya. Shi kuwa mai koyon tsaro, tun da aikinsa shi ne sanin yadda ake fasa ƙofa domin ya san yadda ake kulle ta, kuma tun da shari'a da doka ba su halatta masa ya gwada hannunsa a kan na'urar wani ba, dole ne ya gina wa kansa fagen gwaji a cikin tasa. Akwai manhajoji irin su VirtualBox da VMware, waɗanda a yau duka biyun ake samunsu kyauta, da suke ba shi damar kunna wasu kwamfutoci na kwaikwayo a cikin laftof ɗinsa guda: a ɗaya ya sa Kali Linux, wadda ta fito a 2013 ɗauke da kayan binciken rauni, a ɗaya ya sa Metasploitable, wadda aka bar ta da raunuka da gangan domin a koyi kai mata hari, a ta uku ya sa Windows. In ya saki wata muguwar manhaja ta lalata ɗaya daga cikinsu, sai ya share ta ya mayar da ita yadda take, ba tare da ya cuci kowa ba.

Misalin wannan kamar maigida ne da ya sauki baƙi, kowane baƙo kuma sai an shimfiɗa masa tabarmarsa a cikin zaure ɗaya. Faɗin zauren nan shi ne abin da masu sana'a suke kira ram, kuma a kansa nake roƙon masu sauraro su tsaya su natsu, domin nan ne akasarin masu saye suke yin asara. Ku yi lissafin tare da ni. Ita uwar na'urar, wato Windows ɗin da take riƙe da gidan, in aka buɗe mata shafukan intanet kaɗan, ba ta rasa cin gigabait 4 zuwa 6. Kali tana neman gigabait 2 a mafi ƙaranci, kuma ba ta sakewa sai an ba ta 4. Baƙuwar Windows 11 kuwa, sharaɗin da kamfanin Microsoft ya gindaya mata shi ne 4. Wanda ya sayi laftof mai gigabait 8, ashe ke nan tun kafin baƙo na biyu ya zauna zaure ya cika, na'ura ta fara nishi, linzami ya daskare, ɗalibi ya zauna yana kallon allo alhali lokacin darasi yana wucewa. Saboda haka hukuncina a nan ba shi da sassauci: gigabait 16 farilla ne, 32 mustahabbi ne ga wanda ya yi nisa har yana son ya kwaikwayi tsarin kwamfutocin ma'aikata guda.

Wanda kuɗinsa bai kai 16 ba a yau, kada ya yanke ƙauna, amma ya kiyaye abu ɗaya. Waɗansu laftof, musamman sirara masu ɗaukar ido, an narka ram ɗinsu a jikin allon ciki, ba a cirewa, ba a ƙarawa, yadda aka saye su haka za su tsufa. Waɗansu kuwa suna da gurbi biyu, ta yadda wanda ya fara da 8 zai iya ƙara wani 8 bayan 'yan watanni in hali ya samu. Irin su Lenovo ThinkPad T480 da HP EliteBook 840 G5 da Dell Latitude 5490 suna cikin wannan rukuni. An ƙera su ne domin ma'aikatan kamfanoni, suna shigowa ƙasar nan a matsayin na hannu, masu gyara sun san cikinsu, kayan gyaransu kuma ba su da wuyar samu.

Sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura. A nan akwai wani ruɗi da ya kamata a warware, domin sau da yawa za ka ji mai saye ya kafe cewa shi sai Core i7, yana zaton lambar nan ita ce hujja yankakkiya, alhali zubin da aka ƙera furosesar a cikinsa ya fi lambar muhimmanci. A laftof marasa cin wuta da yawa, i7 ta zubi na bakwai ƙwayar aiki 2 gare ta, amma i5 ta zubi na takwas, wadda Intel ya fitar a 2017, tana da 4, kuma kowace baƙuwar kwamfuta sai an yanka mata rabonta daga waɗannan ƙwayoyi. Daɗin daɗawa, Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta amince da galibin furosesar Intel da ke ƙasa da zubi na takwas ba. Abin kunya ne ɗalibin tsaro ya zauna a kan na'urar da ita kanta ba ta da tsaro. A nemi zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 5 ta kamfanin AMD. A guji Celeron da Chromebook ko da an karya farashinsu, domin araha ba ta ado.

Ma'ajiya ba ta buƙatar dogon bayani: ta zama SSD, gigabait 512 in da hali, domin kowace baƙuwa takan ci 20 zuwa 60 ko fiye.

Yanzu bari mu dawo gida. Na sani zuciyar matashi tana karkata ga manyan laftof ɗin wasanni, masu fitilu kala-kala da katin hoto mai ƙarfi, kuma gaskiya ne katin yana da amfani wajen gwajin fasa kalmomin sirri. Sai dai wannan babi ne ƙarami a cikin karatu mai faɗi, kuɗinsa kuwa babba ne, batirin irin waɗannan na'urori kuma ba ya jimiri. Mu da muka san yadda wuta take zuwa ta ɗauke ba sallama, muka san zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu da take toshe fanka, mun san cewa na'urar da za ta yi awa huɗu ko biyar ba caji, ba ta kuma ɗaukar zafi, ta fi wa ɗalibin Bwari alheri nesa ba kusa ba. Haka nan MacBook na zamani, masu furosesar da Apple ya fara ƙera wa kansa a 2020: na'urori ne nagari, batirinsu abin yabo ne, amma gininsu ya saɓa da na Intel, har ya zama da yawa daga cikin kwamfutocin gwaji da malamai suke rabawa ba sa tashi a kansu sai da wahala. Mafari ba ya buƙatar wannan ɗawainiya.

Idan ranar saye ta zo, ko a Banex da ke Wuse ne ko a wani shago na Kubwa, a tafi da wanda ya san kan abin, kada kuma a yi gaggawa. A cikin 'yan kasuwa akwai masu amana da yawa, mai amana kuwa ba ya ƙin a bincika kayansa. A kunna na'urar a gabansa, a buɗe Task Manager a karanta adadin ram da sunan furosesa da ido, kada a dogara da takardar da aka manna a jiki. A wannan shafin ne kuma za a ga ko an kunna damar ɗaukar baƙin kwamfutoci, in ba a kunna ba a shiga BIOS, wato saitin tushen na'ura, a kunna. In aka tarar BIOS ɗin a kulle da kalmar sirrin da mai shago bai sani ba, ko na'urar tana neman a shiga da asusun wani kamfanin ƙetare, a ajiye ta a nemi wata. A cire caja a ga yadda batiri yake sauka, a taɓa kowane harafi, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'ura, a kuma yi sharaɗin kwanakin mayarwa in aibi ya bayyana.

Ku kuma iyaye, na san wasunku gabansu yakan faɗi in yaro ya ce zai koyi kutse, saboda abin da 'yan damfarar intanet suka jawo wa sunan ƙasar nan. Tsoronku yana da dalili, kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri ko tara ga mai shiga na'urar wani ba da izini ba domin cuta. Amma ku sani, bankuna da asibitoci da hukumomi irin wadda muke maƙwabtaka da ita suna buƙatar amintattun masu tsaro, kuma laftof mai wadataccen ram ita ce take ba yaro damar yin duk gwajinsa a cikin abin da ya mallaka. Ku tambaye shi wane malami yake bi, ku sa ya nuna muku fagen gwajin da ya gina, sa'an nan in za ku taimaka masa, ku sa kuɗin a kan ram da batiri mai lafiya.