Akwatuna biyu a Stansted

Da yammacin 5 ga Yuli, 1984, wasu manyan akwatuna biyu na katako suka iso filin jirgin sama na Stansted a Ingila. An rubuta musu adireshin Ma'aikatar Harkokin Waje da ke Legas, ga kuma jirgin kaya na Nigeria Airways, ƙirar Boeing 707, yana jiran a loda su. Masu rakiya suka ce kayan jakadanci ne, ba mai ikon taɓawa.

Jami'an kwastan dai sun riga sun sami labari daga 'yan sanda cewa da rana an sace wani ɗan Nijeriya a ƙofar gidansa a unguwar Bayswater ta Landan, sakatariyarsa ce ta gani ta taga ta buga waya. Zato kuwa ba ya buɗe kayan jakada. Yarjejeniyar Viyana ta 1961 ta hana. Sai dai yarjejeniyar ta kafa sharaɗi: dole kayan su ɗauki alamar da ke nuna ko mene ne su, mai rakiya kuma ya riƙe takardar shaida. Da aka bincika, abin bai cika ba. Nan aka samu ƙofa.

A akwatin farko aka tarar da Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shagari, kwance a sume. Shi ne ya shugabanci kwamitin shigo da shinkafa, kuma tun juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, gwamnatin soja ke nemansa bisa zargin wawure dukiyar ƙasa, zargin da ya musanta. Ganinsa bai ba kowa mamaki ba. Mamakin shi ne wanda ke tsugune kusa da shi: likitan sa barci, Dakta Shapiro, mutumin Isra'ila, ya zura masa bututu a maƙogwaro don kada numfashi ya ɗauke. A akwati na biyu, wasu Isra'ilawa biyu, Alexander Barak da Felix Abitbol.

To, ina Nijeriya ta haɗu da su, alhali ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila tun 1973?

Wannan ne, a ganina, zuciyar al'amarin. An rufe ofishin jakadanci, amma kasuwa ba ta tashi ba. Kamfanonin gine-gine na Isra'ila irin su Solel Boneh sun ci gaba da karɓar kwangila a Nijeriya, 'yan kasuwa na shige da fice, kowa ya san lambar wayar kowa. Barak ma abin da ya dage a kai ke nan: wai wasu attajiran Nijeriya ne suka ba shi aikin. Gwamnatocin biyu suka ce ba ruwansu, ko da yake na huɗun da aka gurfanar, Manjo Muhammad Yusufu, hafsan Nijeriya ne.

A 1985 kotun Old Bailey ta ɗaure Barak shekara 14, Yusufu 12, sauran biyun 10-10. Kafin nan Birtaniya ta kori jami'ai biyu daga ofishin jakadancin Nijeriya, Legas ta rama da korar na Birtaniya, dangantaka ta yi tsami har 1986. Dikko ya dawo gida a zamanin Abacha ya shiga taron tsarin mulki, ya rasu a Landan a 2014. Attajiran da Barak ya fake da su kuwa, babu ko ɗaya da ya tsaya gaban alƙali.